Intaferon, Manzon Garkuwar Jiki

Daga cikin hikimomin da Allah Maɗaukakin Sarki Ya ajiye a jikin ɗan Adam akwai wasu sinadaran furotin da ƙwayoyin halitta ke aika wa juna saƙo da su, ta yadda idan bairus ya afka wa ƙwaya ɗaya, sai ta saki sinadarin ya gargaɗi maƙwabtanta, tamkar sanƙira mai shelar yaƙi, domin kowace ta ɗaura ɗamara. A shekarar 1957 Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano ɗayansu a Landan, suka raɗa masa suna intaferon.

Da yake jiki ba ya samar da shi sai ɗan ƙalilan, masu nazari sun daɗe cikin ƙarancinsa, domin sai an tara jini mai yawa an tace fararen ƙwayoyinsa, kamar yadda Kari Cantell ya yi a Finlan, kafin a sami abin gwaji. A 1980 Charles Weissmann da almajiransa a Zurik suka ɗauko ƙwayar gadon da ke ɗauke da umurnin ƙera shi, suka dasa ta cikin bakteriya, ita kuwa ta shiga hayayyafa tana ƙera furotin irin na mutum.

Yau mai bincike yakan same shi busasshen gari a 'yar kwalba, ya narkar, ya ɗiga wa ƙwayoyin da ya rena a faranti, sa'an nan ya lura da amsarsu. Da irin wannan bahasi aka gano hanyar JAK-STAT, wadda ke isar da saƙo daga fatar ƙwaya zuwa cibiyarta, kuma albarkacin wannan ilmi aka samar da magungunan da likitoci ke ba masu amosanin gaɓɓai.