Wasannin bidiyo da aka yi wa kwaskwarima: yadda na'ura ke gwada su kafin su isa hannun ƴan wasa

Daga Gangara zuwa Gazawa da Agiye, matasa da dama suna samun wasannin bidiyo ne a shagon cajin waya, ko daga wayar aboki ta Xender. Wasu daga cikin wasannin ba na asali ba ne, an taɓa su: an sauya rigunan ƴan ƙwallo, an buɗe matakan da ke kulle. Irin wannan kwaskwarima ake kira mod. Abin tambaya shi ne: wa ya gwada ta kafin ta shiga wayar da mutum ke ajiye kuɗinsa da saƙonninsa?

Inda aka fi ƙwarewa a wannan harka shi ne Minecraft, wasan gine-gine da Markus Persson ɗan ƙasar Suwidin ya fitar a 2009. Kamfanin Microsoft ya saye shi a 2014 a kan dala biliyan 2.5, kuma zuwa 2023 an sayar da kwafi sama da miliyan 300. Jama'a kan yi wasan tare a kan saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da duniyar wasan, kowa ya shigo ta intanet. Saba guda na iya ɗaukar mod fiye da 100, kowanne da marubucinsa. Idan biyu suka ci karo, sabar ta ƙi tashi, ko ginin da mutane suka yi watanni suna yi ya lalace.

Yadda gwajin ke gudana

Manomin da ya san aikinsa yakan jiƙa ƴan ƙwayoyin iri ya ga ko za su tsiro kafin ya shuka gona duka. Haka masu rubuta mod suke yi, sai dai na'ura ce ke yi musu, a duk lokacin da suka sauya ko da layi ɗaya ne. Tsarin ana kiran sa CI a taƙaice.

Da zarar marubuci ya tura gyaransa zuwa ma'ajiya irin ta GitHub, sai a buɗe wata sabuwar kwamfuta a intanet wadda babu komai a cikinta. Ita ce za ta harhaɗa mod ɗin, ta tayar da saba ba tare da allo ko ɗan wasa ba, ta duba ko ta tashi lafiya. Amfanin sabuwar kwamfutar shi ne hana marubuci fakewa da cewa a tasa komai na aiki.

Daga nan sai gwajin cikin wasa. Minecraft na da wani tsari mai suna GameTest, wanda ke gina ɗan ƙaramin ɗaki, ya sa ƙofa da maɓalli alal misali, ya danna, ya duba ko ƙofar ta buɗe a kan lokaci. Agogon wasan na bugawa sau 20 a daƙiƙa, don haka duk mod ɗin da ya sa sabar ta kasa kammala bugu ɗaya cikin kashi 1 bisa 20 na daƙiƙa, ƴan wasa za su ga wasan na sarƙewa. Idan komai ya tafi daidai, koriyar alama ta fito. Idan ja ce, gyaran ba zai wuce ba sai an gano matsalar.

Abin da gwaji ba ya kamawa

Na'ura tana amsa tambayar da aka yi mata ne kawai. A watan Yunin 2023, wasu ɓata-gari sun shiga asusun masu ɗora mod a dandalin CurseForge, suka cusa wata muguwar manhaja da aka laƙaba wa suna Fractureiser, mai satar kalmomin sirri a kwamfutoci. Mod na iya aiki lafiya lau alhali yana sata a ɓoye. Idan haka ta faru a dandalin da ake sa ido, ina ga fayil ɗin da ya bi ta wayoyi goma, ba a san wanda ya fara taɓa shi ba? Wasan ƙwallo da ke neman izinin karanta saƙonnin waya abin gudu ne.

Ƙofa ga matasa

Wannan ilimi bai tsaya ga wasa ba, domin da irin wannan tsari kamfanonin manhaja ke tantance aikinsu. Akwai Luanti, wanda aka sani da Minetest kafin a sauya masa suna a 2024: kyauta ne, yana aiki a wayar Android, ana rubuta masa mod da harshen Lua mai sauƙin koyo. GitHub kuma ba ya karɓar kuɗin gwaji ga aikin da aka buɗe wa kowa. Ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, ko matashi mai shagon caji a Gangara, zai iya farawa da mod ɗaya da gwaji ɗaya.