Shekarar Da Maza Suka Shiga Kulle

'Yan'uwana mata, kwanan baya ina koyar da lissafi a aji biyar na tambayi yara abin da suka tuna game da shekarar korona. Wata yarinya ta ce ita dai abin da ta riƙe shi ne a shekarar ne uwarta ta bar yin ƙuli-ƙuli, har yau kuwa ba ta koma ba. Wannan magana ta tsaya mini a rai, gama ta tuna mini da goggona ta Gwaram.

Bari in fara tuna muku yadda abin ya faru. Ran 27 ga Fabrairu, 2020, aka sami mutum na farko mai cutar a Ikko. Kafin Maris ya ƙare an rufe makarantu, mu da mu ke kwalejin horon malamai a lokacin aka sallame mu gida. Ran 30 ga wata Shugaba Buhari ya sa dokar zaman gida a Ikko da Ogun da Abuja. Cikin Afrilu aka kulle Kano, inda aka yi ta rashin dattawa. Da cutar ta ɓulla a Jigawa, Gwamna Muhammadu Badaru Abubakar bai kulle jihar gaba ɗaya ba, sai ya riƙa bin wuraren da aka sami masu ita. Kazaure aka fara, sa'an nan abin ya iso Birnin Kudu, daga baya Gwaram. Kasuwannin mako suka bar ci, aka hana motoci ƙetare iyakar jiha. Ana cikin wannan hali kuwa aka yi azumi, wanda aka ɗauka ran 24 ga Afrilu.

Ba na cikin masu cewa Gwamnati ta yi laifi da ta sa dokar. Ciwon gaskiya ne, a lokacin kuwa babu allurarsa, kasuwa kuma ba ta da ƙofar da za a tsaya ana tace mai tari. Abin da na ke so mu duba shi ne wanda dokar ta fi dannewa, alhali ba a ko ambaci sunansa a rediyo ba.

Da aka ce kulle, mata da yawa dariya suka yi. Suka ce yau maza za su ɗanɗana abin da mu ke ciki shekara da shekaru. An kuwa sha kallo: maigida da ba ya yini a gida, ga shi zaune a zaure yana ƙirga kaji, yana tambayar abin da ya sa gishiri ke saurin ƙarewa. Amma dariyar ba ta yi mako ba. Ashe kullen mace ya dogara ne ga fitar waɗansu. Matar da ke cikin gida tana sana'a ƙafafunta uku ne: mai sayo mata kaya ran kasuwa, da yarinyar da ke kai talla, da mutanen da ke taruwa a tasha ko bakin hanya su saya. Dokar nan ta sare su duka rana ɗaya.

Ku dubi goggona. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Mijinta ke auno mata gyaɗa a kasuwar Sara, ta soya, ta kai niƙa, ta matse, 'yarta ta ɗauki tire zuwa tasha, sauran man kuma wani ɗan sari ya kwasa zuwa Birnin Kudu, inda hanyoyin Kano da Ningi da Gwaram suka haɗu. Da kasuwa ta tsaya, babu gyaɗa. Da motoci suka tsaya, babu mai saye. Mijin kuwa ɗan ƙwadago ne, sai ya fita ya ke samu. To, wa zai ɗora tukunyar buɗa-baki? Sai ta kwance bakin zane ta ɗauko jarin. Yau mudun gero, gobe sukari, jibi maganin yaro. Kafin sallah, ran 24 ga Mayu, babu ko kwabo. Ba ta yi almubazzaranci ba, gidanta ta ciyar. Amma da aka buɗe kasuwa, mijin ya koma aikinsa da ƙarfinsa yadda ya bar shi, ita kuwa ta tashi hannu wofi. Ƙarfi ba ya ƙarewa don an zauna wata guda, jari kuwa cinye shi a ke yi.

Adashi ma bai tsira ba. Zubi sai da ciniki, da ciniki ya tsaya zubi ya tsaya. Waɗanda suka riga suka kwasa suka yi shiru, waɗanda ke jiran kwasarsu suka yi ta sintiri gidan uwar adashi, ita kuwa ba ta da abin ba su sai haƙuri. Na san maƙwabta biyu da suka yi shekara ba sa gaisawa a kan wannan.

Za ku ce ai Gwamnati ta ba da taimako. Ta bayar. Babban Bankin Nijeriya ya ware naira biliyan 50 don rance ga magidanta da ƙananan 'yan kasuwa ta hannun bankin NIRSAL. Wajen watan Satumba kuma Gwamnatin Tarayya ta fito da wani asusu na naira biliyan 75, inda masu sana'ar hannu suka sami naira 30,000 kowanne. Amma ina ƙofar shiga? Sai an cika takarda ta intanet, sai da asusun banki, sai da lambar BVN, waɗansu sassan ma sai da rajistar kamfani. Goggona ba ta da ko ɗaya. Bankinta bakin zane ne, littafin lissafinta kuwa zane-zanen gawayi a jikin bango. Wanda ya tsara takardun nan, ina tsammani, kanti ya ke gani a zuciyarsa, mai ƙofar ƙarfe da allon suna. Bai hango turmi da kasko a tsakar gida ba, ko da ya ke su ne suka ciyar da gari a wannan azumin.

A nan ne na ke da magana da ku, 'yan makaranta. Kada ku ce karatunku sai ranar da kuka sami aikin ofis zai yi amfani. Wadda ta iya cika takardar jarrabawa ta iya cika takardar banki. Ki raka mahaifiyarki ta buɗe asusu da sunanta, ba da sunan maigida ko na yayanki ba. Ki samo littafi mai arba'in ki riƙa rubuta mata abin da ta saya, da abin da ta sayar, da wanda ya ci bashi. Ku kuma iyaye, in kuna adashi, ku zauna tun ana lafiya ku yanke abin da za a yi in zubi ya yanke, a rubuta, kowa ta sa hannu.

Goggona sai bayan kaka ta farfaɗo, da ta sayar da tunkiyarta ɗaya tilo ta auno gyaɗa sabuwa. Yanzu 'yarta ke riƙe da littafin. Na duba shi da na je hutu: a shafin farko an ja layi, hagu an rubuta "kuɗin gyaɗa", dama "kuɗin cefane". Maigidan ya taɓa neman aro daga na hagu. Ta ba shi, amma sai da aka rubuta.