Igiyar Kobar: Abin da Sudan ta gani da mulki ya ɗaura rawani

Da safiyar Juma'a, 18 ga Janairun 1985, aka rataye wani dattijo ɗan shekara 76 a gidan yarin Kobar da ke Khartum. Sunansa Mahmud Muhammad Taha. Takarda kawai ya raba, yana neman a soke dokokin da Shugaba Ja'afar Numairi ya kafa a Satumban 1983 da sunan shari'ar Musulunci. Aka gurfanar da shi kan laifin tayar da zaune tsaye, kotun ɗaukaka ƙara kuwa ta ɗora masa ridda.

Malamai da dama sun yi watsi da fahimtar Taha, kuma ban zo don in wanke shi ba. Abin dubawa shi ne wanda ya sa hannu a hukuncin. Numairi da bakin bindiga ya hau mulki a 1969, tare da 'yan gurguzu, sannan ya juya ya karkashe shugabanninsu a 1971. Sai da tattalin arziki ya durƙushe, jama'a suka fara juya masa baya, sannan ya tuna da shari'a, har ya nemi a yi masa mubaya'a a matsayin imami. Sadiƙ al-Mahadi, wanda ba mai yi masa gorin addini, ya ce waɗannan dokoki ba Musulunci ba ne. Aka jefa shi kurkuku.

Dakta Hasan al-Turabi da jama'arsa sun mara wa Numairi baya. A Maris ɗin 1985 su ma ya sa aka kame su. Cikin Afrilu sojoji suka hamɓarar da shi, wata uku bai cika ba da rataye Taha, kuma a 1986 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin. Amma ina amfanin baɗi ba rai?

Abin mamaki, Turabi ya sake komawa ramin. Shi ne ƙashin bayan juyin mulkin Umar al-Bashir a 1989; suka ɓaɓe a 1999, a 2001 almajirin ya ɗaure malaminsa. Kudancin ƙasar ya ɓalle a 2011, gwamnatin riƙon ƙwarya kuma ta soke hukuncin ridda a 2020.

A nan gida, da yawanmu kan yi wa sashe na 10 na tsarin mulkin 1999, wanda ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma, kallon makircin Turawa. Ni dai ina ganin ya fi kare malami daga gwamna, domin a Khartum duk lokacin da aka saɓa, mai riƙe da makullin Kobar ne ke fayyace wane ne ya bar hanya.