Bayanin Cire Farar Wuta Daga Man Fetur

Mun ga ya kamata mu yi muku bayanin dalilin da ya sa fetur iri biyu, launinsu ɗaya, amma kuɗinsu ya bambanta. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne farar wuta, wato kibrit.

Ɗanyen mai yana fitowa daga ƙasa da farar wuta a cikinsa. Namu na Najeriya, irin na Boni, tasa kaɗan ce, shi ya sa yake da daraja a kasuwar duniya. To idan an dafa ɗanyen mai a matata, sai ya rabu kashi-kashi. Kashi marar nauyi da ke tashi sama shi ake kira nafta, kuma shi ne tushen fetur.

Ga yadda ake wanke shi. Ana gauraya nafta da iskar haidirojin, a zafafa shi ya kai awo 300 ko fiye, a tura shi ta cikin wata tukunyar ƙarfe cike da 'yan ƙwayoyi masu sinadarin kobal da molibdinam. Nan farar wutar take sakin man ta kama iskar, ta fita da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan iska guba ce, ba a sakinta. Ana mai da ita farar wuta rawaya, a sayar wa masu yin takin zamani da ruwan batir. Kun ga dattin ma haja ne.

Me ya sa ake wannan wahala? Na farko, injin da ke ƙara wa fetur ƙarfi yana aiki da ƙarfen filatinam mai tsada, farar wuta kuwa kashe shi take yi. Na biyu, idan ta ƙone a mota hayaƙinta yana kawo tari da ciwon ƙirji, yana kuma lalata matatar hayaƙi ta cikin salansa, wadda makanikai ke ce wa indomi.

Awonta kuwa, kashi nawa ne cikin miliyan. Ƙasashen Tarayyar Turai sun tsaya a kan 10 tun 1 ga Janairun 2009. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince kada man da ake shigowa da shi ya wuce 50, wato giram 50 a cikin tan guda.

Wankin nan yana cin iska da wuta da kuɗi, saboda haka mai wankakke ya fi tsada. Ido kuwa ba ya gane farar wuta a cikin mai. Duk dillalin da aka yi wa tayin tanka da rahusa, ya nemi takardar gwaji ya duba awon kafin ya ba da kafin alƙalami. Araha ba ta ado, kuma mai saye da injinsa ya lalace ba ya dawowa.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka. Haza wasalam.