Littafin Soyayyar Amurka: Akwai Zuma, Akwai Maɗaci

Edita,

Ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in faɗi albarkacin bakina kan wani littafin soyayya na Turawa mai suna Gone with the Wind, wanda wata Ba'amurkiya, Margaret Mitchell, ta fitar a 1936. Turancina na firamare ne, don haka ɗana ne ya riƙa karantawa yana fassara mini. Ya haura shafi 1,000, sai da muka cinye rani guda a kansa.

Labarin wata 'yar mai gona ne, Scarlett O'Hara, a jihar Jojiya, zamanin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Inda ya burge ni shi ne maganar gona. Da birnin Atlanta ya faɗa hannun sojojin arewacin Amurka a 1864, ta gudu gonarsu, ta tarar uwa ta rasu, uba ya zautu, abinci babu. Yarinyar da ba ta taɓa riƙe fartanya ba ta shiga tsintar auduga da hannunta don ta ciyar da gida. Kwatsam kuma aka aza wa gonar harajin dala 300. Duk manomin da fari ya taɓa cinye wa gona, ga mai bin bashi a ƙofa, ya san wannan ɗacin.

To amma hanyar da ta bi ta biya, nan muka raba gari. Ta yi wa saurayin ƙanwarta ƙarya cewa ƙanwar za ta auri wani, ta aure shi saboda kuɗin kantinsa. Haba jama'a! Aure uku ta yi, alhali zuciyarta na kan Ashley, mijin wata. Alhaki kuikuyo ne: ranar da ta gane mijinta na uku, Rhett Butler, take so, ranar ya sa ƙafa ya bar ta.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar bayi. A 1860 baƙaƙen fata kusan miliyan 4 ne ke cikin bauta a Amurka, su ne ke noma audugar nan ba ko sisi. Amma littafin ya nuna su kamar suna jin daɗin zama da iyayengijinsu, har ya wanke 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan masu kashe baƙaƙe. Mai gona aka tambaya labari, ba a tambayi mai tsintar auduga ba.

Shawarata ga iyaye 'yan'uwana, in kun ga irinsa a hannun 'ya'yanku kada ku ƙwace. Ku zauna ku ji abin da ke ciki, ku nuna musu tsaba ku nuna musu tsakuwa. Riƙon gona da juriya a ɗauka, cin amanar 'yar'uwa da ƙawata bauta a bar wa mai littafi kayanta.

Allah ya sa mu dace, amin.

Naku,
Manomi kuma ɗan tireda.