Girman Birane: Lissafin Kwamfuta da Dabarar Masu Ganuwa

Duk bayan ɗan lokaci sai labarin nan ya sake zagayowa: wai zuwa shekarar 2100 Legas za ta fi kowane birni a duniya yawan jama'a da mutum miliyan 88, Kinshasa na biye da miliyan 83, Yamai kuma ta kai miliyan 56. Wasu su kama murna, wasu su ce shaci-faɗin Turawa ne, gaibu sai Allah. Duka ɓangarorin sun bar jaki suna dukan taiki. Alƙaluman sun fito ne daga binciken Daniel Hoornweg da Kevin Pope a Kanada, kuma da sharaɗi suka zo: idan haihuwa da ƙaura suka ci gaba a kan wani salo, ga inda za a kwana.

Wancan lissafin yawan jama'a ne; yadda ake lissafin faɗaɗar filin birane ma ba shi da wuyar ganewa. Tun 1972 taurarin ɗan Adam na Landsat ke ɗaukar hoton doron ƙasa. Sai a ba kwamfuta tsofaffin hotunan ta koyi inda gini ke son bi, wato gefen titi da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da maƙwabtan gidajen da aka riga aka gina, sannan ta zana taswirar gobe. Hasashe, na fili ko na jama'a, yakan yi kuskure. A shekarun 1970 an yi hasashen birnin Meziko zai haura miliyan 30 a 2000, sai ya tsaya wajen miliyan 18 saboda haihuwa ta ragu. Mu kuwa a Najeriya rabonmu da ƙidaya tun 2006.

Abin da ya kamata ya ɗaga mana hankali shi ne fili. Karen Seto ta Jami'ar Yale da abokan aikinta sun yi hasashe a 2012 cewa zuwa 2030 birane za su ƙara cinye murabba'in kilomita miliyan 1.2, har faɗinsu ya kusa ninka na 2000 sau uku. Shlomo Angel na Jami'ar New York, da ya auna birane 200, ya gano filin birni ya fi jama'arsa saurin ƙaruwa. Shawararsa ita ce a shata manyan tituna da filayen jama'a tun mutane ba su iso ba.

Ana yaba wannan shawara ana kawo misalin tsarin New York na 1811 da na Basalona na 1859, ba a tuna Kano. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwa. Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina fada a sabon wuri. Muhammadu Nazaki ya sake ƙara ta a ƙarni na 17. Ba su ja badala a jikin gidan ƙarshe ba. Sun zagaye gonaki da makiyaya da kududdufai, domin in yaƙi ya zo a samu abinci da wurin saukar mutanen karkara, in zaman lafiya ya daɗe kuma unguwanni su samu wurin miƙe ƙafa. Lokacin da Heinrich Barth ya shiga birnin a 1851, ya ƙiyasta mazauna kusan 30,000, ya kuma tarar da fili mai yawa a cikin ganuwa ana nomawa. Ƙarnuka bayan Rumfa, birnin bai cika wurin da aka tanadar masa ba. Ƙofofin ma tsari ne, don kowace ta fuskanci hanyar fatake, kuma waɗannan hanyoyin ne manyan titunan yau.

Na baya ma sun gwada. Akwai tsarin Trevallion na Kano na 1963 zuwa 1983, akwai na Max Lock na Kaduna a 1967 wanda ya hango har 2017. Takardu sun yi kyau, aiwatarwa ta yi rauni. Yau dillalin fili da awon igiya ne ke zana makomar Ungogo da Kumbotso. Ana yanka gona lungu-lungu, babu wurin makaranta, babu magudanar ruwa, an cike kududdufai an gina, damina ta zo a ce ƙaddara.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa biranen Najeriya za su ƙaru da mutum miliyan 189 zuwa 2050. Ko rabin haka ne ya tabbata, ina za su zauna? Hotunan Landsat kyauta ne tun 2008, jami'o'inmu cike suke da masana taswira. Hukumomin tsara birane su daina jiran a gina sannan su zo da jan fenti da motar rusau. Su fita Gezawa da Dawakin Kudu yanzu, su shata tituna, su biya manoma diyya ta gaskiya, su kafa turaku tun fili yana da araha.