Batir Biyu a Mota Ɗaya: Aikin Na'urar Raba Batir

Manomi, in kana da a-kori-kura ko tarakta, ko kuwa ta ƙungiyarku ce, ka san yanzu ba tayar da inji kaɗai batir ke yi ba. A jikinsa ake cajin waya, da injin feshi mai batir, da fitilar masussuka. Sai la'asar ta yi, an gama lodi, a murɗa makulli a ji shiru. A ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda 'yan bindiga suka sha tare hanya, ba mai son magariba ta same shi a bakin daji yana neman masu turi, ga buhunan masara a baya.

Don haka wasu ke ƙara batir na biyu. Wannan dabara ce mai kyau. Inda ake kuskure shi ne a haɗa su kai da kai da waya zalla. Ka ɗauka randa biyu ce aka huda gindinsu aka haɗa da tiyo. Ka ɗebi ruwa a ɗaya, na ɗayar ma sai ya sauka. Haka batir biyu suke, tare za su ƙare. In ɗaya ya tsufa kuwa, shi zai dinga zuƙe sabon ko mota na ajiye.

Yadda take aiki

Na'urar raba batir, wadda masu riwaya ke ce wa aisoleta, ƙofa ce tsakanin batiran nan biyu. In inji na aiki sai ta haɗa su, altaneta ta cika su duka. In an kashe inji sai ta raba su. Ka sha wutar na biyun har ta ƙare, na tayar da mota yana nan a cike.

To, ta yaya ta san inji ya tashi? Da awon ƙarfin wuta. Cikakken batir da ke zaune yana nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. Da inji ya tashi, altaneta kan kai wutar tsakanin 13.8 da 14.4. Irin da ya fi yawa a kasuwa yakan jira wuta ta kai wajen 13.3, lokacin batirin mota ya fara maido abin da ya kashe wajen tayar da inji, sannan ka ji "ƙas", ya haɗa. Wuta ta sauko wajen 12.8, ya raba. Ba ruwanka da taɓa komai.

Akwai mai dayod. Shi kamar bawul ɗin tayar keke yake: iska ta shiga, ba ta komowa. Ba abin da ke motsi a cikinsa, don haka yana daɗewa, amma yana cinye kusan bolt 0.7 a hanya, batir ba ya cika sosai, kuma yana zafi. Akwai kuma makunnin hannu, mafi araha. Aibinsa ɗaya, mantuwa. Ran da yaron mota ya manta bai murɗa ba, an koma gidan jiya. Ga wanda ke yini a gona, mai awon wuta da kansa ya fi.

Wajen ɗaurawa

Kai motar wurin mai riwaya da ya san aikin, ko a Funtuwa ko a Malumfashi, ka tsaya a kansa. A sa waya mai kauri, ba irin ta rediyo ba. A sa fiyus kusa da kan ja na kowane batir, domin in waya ta goge ta taɓa ƙarfen mota, fiyus ne zai tsinke maimakon motar ta kama wuta. A ɗaure batir na biyu sosai inda iska ke shiga. Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, kada a kusance shi da taba ko ashana.

Na biyun ya zama irin na sola, wanda aka yi shi don a sha wutarsa a hankali. Batirin mota ba ya jure a ƙarar da shi kullum. Ko na solan ma, in ya sauko 12.2 a zaune, rabi ya tafi, a ba shi caji. Batirin litiyam kuwa yana da cajarsa ta musamman da ake sawa tsakaninsa da altaneta.

Ka kuma lura da wannan. Manyan motocin da ke ɗaukar hatsi daga kasuwar Sheme ko Dandume, da yawansu batir biyu gare su, amma a jere aka haɗa su don su ba da bolt 24. Aiki ɗaya suke yi, ba na ajiya a cikinsu. Kada ka ja wutar caji daga guda ɗaya, za ka raunana shi, ɗayan kuma caji ya yi masa yawa, ka sayi biyu a lokaci guda.

Bayan an ɗaura, ka ce a gwada a gabanka da mita. Inji na aiki, batiran biyu su haura 13. A kashe inji, a jira na'urar ta raba, a kunna fitila a jikin na biyun: shi kaɗai ya kamata ya sauka.